Lakca da handawut ko PBL: amsa ga Malamar Faransanci

Malama barka da ƙoƙari. Kin tambaya wanne ya fi a ajin koyon harshe na jami'a, lakca da handawut irin wadda aka yi mana, ko koyo ta hanyar warware matsala da ake ce wa PBL, tunda shugaban sashenku na so ku gwada a semesta mai zuwa. Toh bari in ajiye miki su kusa da juna.

Da farko shi PBL ɗin nan ba a ajin harshe aka haife shi ba, likitoci ne suka fara shi a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1969, daga baya Maastricht ta Holand ta ɗauka a 1974 ta tsara shi matakai bakwai. A lakca ke kike zuwa da ilimin, ki rubuta a allo, su kwafa, a haɗu ranar jarrabawa. A PBL matsala kike zuwa da ita, ki raba su ƙananan gurup, su fara fayyace kalmomin da ba su gane ba, su gano mene ne ainihin damuwar, kowa ya faɗi abin da ya sani, su rubuta abin da ya rage musu su koya, su watse su yi bincike, sannan su dawo su kawo wa juna rahoto. Ke naki zama ne da jefa tambaya nan da can, kuma wallahi yin shirun nan ya fi komai wuya ga wanda ya saba riƙe alli awa biyu.

Misali a ajinki. A lakca za ki ce yau darasinmu yadda ake rubuta wasiƙar ƙorafi, ga tsarinta, ga kalmomin girmamawa na rufewa. A PBL cewa za ki yi wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya tura atamfa Maraɗi ta Jibiya, wanda ya karɓa ya aiko takarda da Faransanci yana cewa dila biyu babu, ga rasit ga takardar kwastan, ku taimaki Alhaji ya ba da amsa ba tare da ya rasa kwastoma ba. Kin ga wasiƙar dai ita za su rubuta a ƙarshe, amma su da kansu za su je neman yadda ake nuna ɓacin rai cikin ladabi, kuma abin da mutum ya nemo da guminsa ba ya saurin zubewa kamar haddar daren jarrabawa.

Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma masu tallata tsarin ba sa faɗa. Ɗalibin likitanci in ya tattauna cutar da Hausa ko Turanci duk ɗaya ne, cutar ya je koyo. Naki ɗalibin kuwa harshen shi ne abin koyon, shi ne kuma abin da zai yi aikin da shi. Na taɓa gwadawa da 'yan aji biyu, ina zagayawa sai na ji gurup guda sun warware komai tsaf da Hausa, sun rubuta da Turanci, ɗaya ya zuba a waya ta fassara, suka miƙo min takarda mai kyau alhali ba wanda ya furta jimla ɗaya da harshen. Matsala ta warware, harshe ko oho. A lakca aƙalla kunnensu na jin harshen daga bakinki. Shi ya sa dole ki sa sharaɗi, tattaunawa da harshen za a yi ko da gurguwa ce, kuma rahoton ƙarshe da baki za a kawo, ke za ki nuna wanda zai yi magana ba su za su zaɓo gwaninsu ba.

Sai matakin ɗalibai. Wanda bai iya sarrafa être da avoir ba, wato kalmomin aikatau na farko da ake koya a Faransanci, in kin jefa masa rikicin kwastan kin tura shi rijiya ba guga. 'Yan aji ɗaya nahawu da furuci suke buƙata kai tsaye, a nan lakca ta yi wa PBL fintinkau. Waɗanda suka dawo daga ƙauyen koyon Faransanci na Badagry kuwa, inda ake tura ɗalibai su goge a harshen, bakinsu ya ɗan buɗe, su ne daidai wannan aikin, in kin tsaya karanta musu handawut ma barci za su yi.

Yawan jama'a kuma, lakca ba ruwanta, mutum 300 a babban ɗakin lakca da lasifika an wuce wajen. PBL a Maastricht gurup ɗin mutum goma sha ne kowanne da malamin da ke kula da shi. Sa'arku ɗaya ajin Faransanci ba ya cika kamar na GST, kwas ɗin da kowane ɗalibin jami'a ke ɗauka, in ku 40 ne gurup biyar ya ishe ki zagayawa. Sai dai shirya matsala ɗaya mai kyau zai ci miki lokaci fiye da rubuta lakca uku, ga kuma 'yan ci-ma-zaune da ba a rasawa a kowane gurup.

Ni da ni ce ke, ba zan juye kwas ɗin gaba ɗaya ba. Zan bar lakca a makonnin farko, in saka matsala biyu kacal a semestar, kowacce mako biyu, da 'yan aji huɗu zan fara. Kuma kafin komai ki zauna da shugaban sashen kan maki, don in jarrabawa na nan da makinta 70 kuma tambayoyinta na hadda ne, yaran nan sun fi mu lissafi, handawut za su roƙe ki. Ki nemi a ba aikin gurup 20 daga cikin 30 na gwaji, rabi na rahoton baki na kowane ɗalibi shi kaɗai, kuma a jarrabawar ki sa tambaya ɗaya mai kama da rikicin Alhajin Kwari.