"Borrow" da "lend": wa ya miƙa, wa ya karɓa?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya. Ta ce ɗanta ya rubuta "borrow me your biro" a aikin makaranta, malamin Turanci ya soke "borrow" da jan biro ya rubuta "lend" a kai. Ita kuwa tun tana firamare haka take jin kowa na faɗa. Shin malamin ne ke neman tsanantawa, ko da gaske akwai bambanci?

Malama, malamin ya yi daidai. Amma kada ki yi wa yaron faɗa, Hausa ce ta yi magana a bakinsa, ta sa rigar Turanci.

Mu a wurinmu saiwa ɗaya ce ke ɗauke da aikin duka. Kina iya cewa "na ari tabarmar maƙwabciyata", kina iya cewa "maƙwabciyata ta ara mini tabarma". Ƙarshen kalmar da wannan 'yar "mini" su ke nuna wa ya ba wa. Bature bai yi haka ba, ya ba kowane ɓangare kalmarsa. Wanda kaya ya fita daga hannunsa shi ya yi "lend". Wanda kaya ya shiga hannunsa shi ya yi "borrow". Ga tabarmar nan ta fuska biyu:

"I borrowed a mat from my neighbour." Na ari tabarma a wurin maƙwabciyata.

"My neighbour lent me a mat." Maƙwabciyata ta ara mini tabarma.

Abu ɗaya ne ya faru, wanda ake ba da labarinsa ne ya canza. Ki lura kuma "borrow" da "from" suke tafiya, "lend" kuma da "to", ko kuwa a sa mutumin kai tsaye kamar "lend me", "lend him". Idan abin ya riga ya wuce, "borrow" takan koma "borrowed", amma "lend" sai ta zama "lent". Babu "lended", ko da kin ji wani mai kwat da ƙulla wuya ya faɗa.

To me ya sa "borrow me" ba ta zauna ba? Ki gwada ta da saye da sayarwa. In kika ce wa mutum "buy me a biro", kin ce ya sayo miki ne, ba ki ce ya sayar miki da nasa ba. Haka nan "borrow me a biro", in ma za a matsa mata ta ba da ma'ana, sai dai ta zama "je ka aro mini a wurin wani". In kuma aka tsaya a "borrow me" kawai, to yaron ya ce a are shi shi kansa. Wannan ma Turawa na faɗa: shugaba a ofis kan leƙo ya ce "can I borrow you for a minute?", wato zo in ɗan are ka na minti ɗaya. Abin da yaron ke nufi hanya biyu gare shi. In ya fara da kansa, ya ce "can I borrow your biro?" In ya fara da abokinsa, ya ce "can you lend me your biro?"

Inda abin ke ba ni sha'awa shi ne, da an juya ta wani gefen sai ka ga Turancin ne ya gaza. Mu mun raba aro da rance. Aro, abin da kika karɓa shi za ki mayar da kansa: tsani, turmi, zanen biki. Rance kuwa kin ci ko kin kashe, madadinsa za ki biya: kuɗi, mudun gero, kwalbar man gyaɗa. Gaskiya ne yanzu matasa na cewa "ara mini dubu biyu", amma dattijuwa "ranta mini" za ta ce. Bature duk wannan bai dame shi ba. Tsani "borrow", naira miliyan a banki ma "borrow". Banki shi ke "lend", kuɗin da ya bayar kuma sunansa "loan". A Amurka ma sukan mai da "loan" aikatau su ce "loan me ten dollars". Wurin da suka ja layi shi ne inda ake biyan kuɗin amfani da kaya: kujeru da rumfar biki da kika ɗauko da kuɗi ba "borrow" ba ne, haya ce, "rent" ko "hire".

A watan Disamba na 1940 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya so ya shawo kan mutanensa su taimaki Ingila da kayan yaƙi. Sai ya buga misali da maƙwabcin da gidansa ya kama da wuta: ba za ka tsaya cinikin tiyon ban ruwanka da shi ba, ara masa za ka yi, in wuta ta mutu ya dawo maka da abinka. Dokar da ta biyo baya a watan Maris na 1941 sunanta Lend-Lease. Amurka ce mai miƙawa, shi ya sa "lend" ce a sunan.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne ke wannan tuntuɓe. A Jamusanci kalmar "leihen" na aiki ta kowane gefe kamar tamu. A jihohin Minesota da Wiskonsin na Amurka akwai waɗanda Turanci ne harshensu na gida, kuma "borrow me" suke cewa. A burokan ɗin Najeriya kuwa ta zauna daram, ba mai ɗaga kai in ya ji ta a tasha ko a kasuwa. Ni dai ba na gyara wa mutum ita a hira. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba hira yake yi ba, kuma irin tarkon da JAMB ke son ɗanawa ke nan.

Ki sa yaron ya ɗauki biro a hannu. Ya miƙa miki yana cewa "I am lending you my biro", ki miƙa masa naki ya karɓa yana cewa "I am borrowing from you". Ku yi haka sau biyar ko shida, sannan ya sake rubuta jimlar ya kai wa malamin gobe.