Sarewar gwangwani marar ƙara: wacce ta dace da atisaye a gida?

Sarewar nan mai huji shida da ake bushe-bushen gargajiyar Ayalan da ita, wadda Turawa ke kira tin whistle, tsawonta bai wuce santimita 30 ba, amma ƙararta ta fi jikinta. Ana kiran muryoyin kiɗa da haruffa irin su D, G, A da B, kuma sarewar tana da hawa biyu, na ƙasa da na sama. Mai D, wadda kusan kowa ke fara koyo da ita, muryarta ta ƙasa tana kan Hz 587 (Hz ma'aunin tsinin murya ne), kuma B ta hawa na biyu tana kai wa kusan Hz 1976. Nan ne daidai inda kunnen ɗan Adam ya fara jin sauti da kaifi. Shi ya sa maƙwabci ba ya ƙorafi kan hawan ƙasa. Abin da ke ratsa bango ya tashi jariri shi ne G da A da B na sama. Don haka idan za ka gwada sarewa domin atisaye a ɗaki, kada ka tsaya kan muryoyin farko. Hau sama, ka ji irin ƙarfin iskar da take nema kafin B ta fito. Wadda ta fito da ita da ɗan numfashi ita ce marar ƙara, komai aka rubuta a kwalinta.

Ƙarar tana fitowa ne daga kan sarewar, wato ɓangaren da ake sa wa baki. Iska tana bi ta siririyar kafa, ta fito ta taga, ta daki kaifin da ke gabanta. Idan tagar tana da faɗi, bututun kuma yana da kauri, sauti zai cika, kuma hawa na biyu ba zai fito ba sai an matsa. Ƙaramar taga da siririn bututu su ke ba da murya mai laushi. Abin da aka yi bututun da shi, tagulla ne ko roba, tasirinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da yadda aka sassaƙa kan.

Clarke Original ita ce tsohuwar hannu. Robert Clarke ya fara ƙera irinta a Ingila a 1843, kuma har yau siffarta ba ta sauya sosai ba: fallen kwano da aka naɗe, yana tsukewa zuwa ƙasa, da toshiyar katako a baki. Muryarta tana da hucin iska, ba ta da kaifi, kuma tsukewar bututun tana sa hawan sama bai cika tsawa ba. A cikin masu araha, ita ce ta fi sauƙi a kunnen mutanen gida. Aibinta shan iska. Kafarta tana da girma, sai ka ga numfashi ya ƙare a tsakiyar layi. Akwai dabara: a danna rufin kafar da babban yatsa a hankali har ta ɗan tsuke, a busa, a ƙara dannawa idan da bukata. In aka wuce gona da iri muryar ƙasa za ta shaƙe, sai an sa siririn abu an ɗago kwanon. Katakon ma yana jiƙewa, wasu ba sa son ɗanɗanonsa a leɓe. Ƙanwarta Sweetone, mai bakin roba, ta fi ta sauƙin busawa da tattalin numfashi, amma ta ɗan fi ta ƙara.

Generation da Feadóg, masu miƙaƙƙen bututu da kan roba, matsakaita ne. Ba su da laifi ga mai gida shi kaɗai, sai dai A da B nasu na sama suna da kaifi a hannun ɗan koyo. Susato kuwa an yi ta ne domin a ji ta cikin taron makaɗa, kuma tana cika wannan aiki. Ba ta ɗakin kwana ba ce. Sarewar roba ta Tony Dixon mai D tana tsakanin Clarke da waɗannan: murya mai laushi, ba ta shan iska, tana hawa sama ba tare da kokawa ba. Ga wanda bangon gidansa ke da ɗan kauri, ta isa.

Wadda ta fi burge ni a wannan fanni ita ce Every Whistle ta Parks, ƙirar Amurka da bututun roba. Tana da zobe a kai wanda ake juyawa ya rufe wani sashe na tagar. A buɗe sarewa ce sosai, a rufe rabi ta yi laushi, a rufe kusan duka ta koma raɗa, wanda ke ɗaki na gaba da kyar zai san ana busa. Amfanin zoben shi ne sarewa ɗaya ce a hannunka dare da rana, tazarar huji ba ta sauya ba, yatsu ba su rikice ba. Sai dai a sani, duk lokacin da aka rufe taga murya tana sauka ƙasa da daidai, don haka in kana bin rikodin sai ka ƙara tura kan sarewar cikin bututun ka gyara. In an rufe sosai kuma, hucin iska yana rinjayar muryar.

Shush, ta Birtaniya, tun asali an ƙera ta ne domin rage ƙara, an gyara kaifinta yadda sautin ke fita a tausashe. Ba a juya komai, ba a manna komai, a ɗauka a busa. Ta fi zoben da aka rufe sosai tsabtar murya, amma ƙararta ɗaya ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kuma in ka shiga cikin masu goge da akodiyon za ta nutse.

Kafin ka sayi sabuwa, gwada kashe ƙarar wadda ke hannunka. Yanki salatif, ka rufe kashi ɗaya cikin uku na faɗin tagar daga gefe, ba daga sama ko ƙasa ba. Busa. In ba ta yi ba, ƙara zuwa rabi. Ko ka mulmula Blu Tack, wato danƙon manna takarda a bango, kamar ƙwayar shinkafa ka ɗora kan gangaren kaifin, kana matso da shi wajen taga kaɗan kaɗan har ka sami abin da kake so. Kada ka tura shi cikin kafar iska, cire shi wahala ne, kuma kada ka kankare kaifin da wuƙa ko allura, domin ƙaramin karce yana lalata murya har abada. Idan dare ya yi nisa, akwai hanyar da ba ta bukatar komai: ka jingina bakin sarewar a ƙasan leɓenka, ka hura iska ta kan tagar. Za ka ji muryoyin a raɗe, ya isa a horar da yatsu, sai dai hawa na biyu ba ya fita.

Sarewa marar ƙara tana da ciwo guda, toshewa. Kafarta siririya ce, ana busa ta a hankali, sai tururin numfashi ya taru ya zama ɗigon ruwa. Alamarsa murya ta dushe ko ta ɗauke bayan minti kaɗan. Rufe tagar da yatsa ka hura da ƙarfi sau ɗaya, ruwan zai fita ba tare da ƙara ba. Ɗumama kan a tafin hannu kafin farawa yana ragewa. Ga kan roba ko na ƙarfe, ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka a cikin cokali biyu na ruwa, a ɗiga a kafar a bar shi ya bushe, yana hana ruwan taruwa. Kada a yi wa toshiyar katako haka.

Wasu kan ce a sayi babbar, mai D ta ƙasa, tunda muryarta ta sauka hawa guda, kusan Hz 294. Gaskiya ba ta da tsini a kunne, amma tsawonta ya kusa ninki biyu, hujinta manya ne masu tazara, sai an koyi rufe su da tsakiyar yatsu. Kayan busa ne daban, ba maganin ƙara ba. Wanda ke son shiru ɗungum sai ya nemi WARBL, na'urar lantarki da ake haɗawa da waya ko kwamfuta a saurara ta abin kunne.

Zaɓina ga mai zama bango da bango da mutane shi ne Parks, sai Shush ga wanda ba ya son gyare-gyare, sai Clarke Original ga mai tattalin kuɗi da wadatar numfashi. Kowacce ka ɗauka, ka ware ko da minti goma a rana, lokacin da gida ya yi sarari, ka busa a buɗe. Taga rufaffiya tana sauya yawan iskar da kowace murya ke nema, kuma wanda ya saba da raɗa kaɗai, ranar da ya buɗe ta zai tarar B ta sama ta ƙi fita, D ta ƙasa kuma tana tsalle.