Hattara da mai saka sifikun silin na bogi a Sakkwato

Jama'ar Sakkwato, musamman masu sabon gini a Arkilla, Bado da Mabera, akwai wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da WhatsApp wai yana haɗa Dolby Atmos (tsarin sautin fim mai zagaye mutum har ta sama) a falo, har ka ji ruwan sama na zuba a kanka. Ni ya riga ya ci kuɗina.

Ya zo gidana da baki kamar zuma, "Alhaji, wanga aiki ko a Abuja sai gidan manya." Na ba shi kafin alƙalami, ya fasa silin POP ɗina wuri huɗu, ya jera sifiku a layi ɗaya saman talabijin, ya liƙa wata takarda mai rubutun Atmos a goshin amfilifaya. Sauti ya ƙaru, ban musa ba. Amma a cikin zafin nan namu na Afrilu, ko rabin fim ba ma kaiwa sai na'urar ta ɗauki zafi ta kashe kanta.

Wani dattijo mai gyaran rediyo na kira. Yana juya bayan amfilifayar ya yi dariya. Mahaɗar sifika biyar ce kacal, wato 5.1 ce ta da, mai sifika biyar da ta bes ɗaya. Wayoyin silin kuwa murɗe su kawai aka yi aka cusa tare da na sifikun gaba, hagu da dama, aka naɗe da salatif. Ya ce sifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) in aka haɗa su haka sun koma om 4, balle uku a mahaɗa ɗaya. In om ya ragu, wutar da sifiku ke ja ƙaruwa take yi, shi ya sa amfilifayar take wahala. Abin da ke fitowa daga sama maimaicin na gaba ne, ba wani abu ba.

Daga bakinsa na fahimci lissafin. In an ce 5.1.2 ko 5.1.4, lambar ƙarshe ita ce yawan sifikun sama, kuma kowace da mahaɗarta daban. Ko 5.1.2 sai amfilifaya mai mahaɗar sifika bakwai wadda ke karanta Atmos da kanta. Wurin zama ake bi wajen sakawa, ba talabijin ba: in biyu ne, su zo kusan saman kujera, ɗan gaba kaɗan, ɗaya hagu ɗaya dama; in huɗu ne, biyu gaba biyu baya. Akwai kuma sifiku masu harba sauti sama ya dawo, su ma mutumin yana tallarsu, alhali sai silin mai tauri kuma shafaffe suke so. Namu mai hawa-hawa da fanka a tsakiya ba ya yi.

Kafin ka cika kuɗi, ka sa ya kunna sautin gwaji da ke cikin amfilifayar, wanda ke zagaya sifiku ɗaya bayan ɗaya. In ta silin ta yi kuka tare da ta gaba, riƙe kuɗinka.

Layinsa dai a kashe yake tun ranar da na ce ya dawo, ramuka huɗu kuma suna nan a silin ɗina.