Jama'a ku yi hattara da mai "kamfanin kwalba" ɗin nan

Naira dubu 480 wani mai cewa yana da kamfanin kwalba ya cinye mini. Wallahi in na tuna sai kaina ya sara. Dubu 480, kwasar adashen da na yi wata takwas ina zubi.

Kada wanda ya ce mini na yi sakaci. Shekara shida ina haɗa maganin tari na gargajiya, na san kwalba. Na san ana yin ta ruwan ƙasa ne don kada haske ya ɓata magani. Shi ma ya sani, da nan ya ci ni. Bidiyo ya turo mini ta WhatsApp: 'yan robobi kamar kwalbar ɗibar jini, a gasa su, inji ya kama su, iska ta hura, sai ga kwalba ta fito. Wai injinsu ne a Ota, jihar Ogun. Har da tambayata, "Hajiya, mai baki milimita 28 kike so?" Don Allah wane ɗan damfara ne zai yi wannan tambayar? Ita ce take ta dawo mini a kunne.

Shekaranjiya kayan suka iso tasha. Af, kafin nan sai da ya aiko guda goma na gani, bayan ƙaramar sallah ne ko kafin azumi, oho. Sababbi fil, murfi da zobensa, sai ka murɗa ka ji ƙas sannan ya buɗe. A gaban maigida na murɗa, shi da bakinsa ya ce a biya. Na tura dubu 300 na kwalba 5,000. Sai dubu 180, wai na kwali da buga lambata ta NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ranar da magani zai daina aiki.

Buhu uku. Kwalaben bola! Gam ɗin tsohuwar takarda na nan a jiki, zoben murfi duk a tsinke, wata har da busasshen magani a gindi. Kwali ko ɗaya babu. A ciki zan zuba abin da yaran mutane za su sha?

Na kira, waya a kashe. Rasit da hotunan hirarmu duk suna nan, in ɗana ya dawo daga makaranta zai ɗora mini.

Kada ku tura ko sisi sai kun je kun ga injin da idonku.

Dubu 300 da dubu 180. Buhunan suna zaure, ko kallonsu ba na son yi.