Na'urar ɗaukar sauti a faifan CD: kafin ka biya, tambayi irin faifan da take ci

Masu tarin kaset na tafsiri da waƙoƙin fada a nan Gusau da Ƙaura suna ta neman yadda za su kwashe su zuwa CD tun kaset ɗin bai gama cinyewa ba, to ga abin dubawa kafin a kai ga ciniki.

Na'urar iri biyu ce. Akwai ta gida, irin su Philips CDR 775 da Pioneer PDR-609, su ne tokumbon da ke zowa daga Alaba da araha, amma fa ba kowane faifai suke karɓa ba sai wanda anka rubuta Digital Audio ko Music a jikinai. Dalili kuwa wata doka ce da Amurka ta yi a 1992, ana cire ma mawaƙa kaso cikin kuɗin irin wannan faifan. Ka sa mata CD-R na kwamfuta da ake saidawa ko'ina ta ƙi ɗauka, kai ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta lau, kuma faifan nata ka zagaye kasuwa kana cigiya da wuya ka samu.

Ta biyu ita ce ta masu situdiyo kamar Tascam CD-RW900, ta fi tsada sosai amma kowane CD-R tana ci. Ni dai in sai na saya, ita zan saya.

Ko wace ka zaɓa kar ka yarda da "ai tana kunna waƙa", idon na'urar (wanda ke karatu da rubutu a faifai) in ya raunana yana iya karanta faifai ya kasa rubutawa, balle an sha ƙurar hunturu. A ɗauki minti biyar gabanka, a danna Finalize, maɓallin da ke rufe faifan bayan an gama ɗauka, sannan a gwada faifan a wata rediyo daban ko ta mota. Wanga Finalize shi ke rikita mutane, in ba a yi shi ba faifan ba zai yi magana a sauran rediyoyi ba. Duba bayan na'urar kuma, in 120V anka rubuta ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, ka jona kai tsaye ta ƙone. Rimot ma a haɗo maka.

Faifai minti 80 yake ɗauka, kaset C90 kuwa minti 90 ne, kenan guda ba ya isa. Kuma in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka galibi faifan ya tafi kenan, don CD-R ba ya goguwa, gara a jona da inbata. CD-RW yana goguwa amma tsofaffin rediyoyi da yawa ba su karanta shi.

Mai laftof kam ban ga abin da zai kai shi ga sayen wannan na'ura ba wallahi. Ƙaramin akwatin sauti na USB da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, sun isa, ka rage sautin iskar kaset, ka yanka karatu yadda kake so, ka tura ma Baba a memori ya saurara a waya, mai son faifai kuma ka buga mishi daga baya.