Ofishin ba da shawara a makarantar 'yata

Makarantar 'yan mata ce ta gwamnati a Zariya, ofishin kuma ɗan ƙaramin ɗaki ne. Abin da ya kai mu shi ne zaɓen aji bayan JSS3. Babanta ya kafe sai kimiyya, yana son likita a gida, ita kuwa yarinyar hankalinta na kan aikin lauya.

Malamar da ke ofishin ba ta yi mana wa'azi ba. Sakamakon yarinyar na shekara uku ta shimfiɗa a gaban Alhaji. Ta bayyana cewa mai neman likitanci a JAMB sai ya rubuta Turanci, Fiziks, Kemistri da Bayoloji, mai neman karatun shari'a kuwa sai da Adabin Turanci, kuma kowannensu yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO. Ta ce, "Alhaji, ku duba inda ƙarfinta yake." Ya duba, ya sakko.

Daga baya malamar da yarinyar suka keɓe su biyu. Har yau malamar ba ta gaya mini abin da suka tattauna ba, kuma wannan riƙon amana ya fi komai burge ni, don budurwa tana da damuwar da nauyin uwa ke hana ta faɗi.

Sai dai ita kaɗai ce ga makarantar gaba ɗaya, ga koyarwa an ɗora mata, samunta sai da sa'a. Ƙofar ofishin kuma tana kallon ɗakin malamai, duk yarinyar da ta shiga sai an gan ta. Zan kai maganar sauya ɗakin gaban taron iyaye da malamai.