Fitilun gidan zoo ko na zagayawa a mota? Ki kai su Bronx kawai

'Yar'uwa, kin tambayi inda ya fi dacewa ki kai yara. To, tsakanin fitilun ƙarshen shekara na gidan namun daji na Bronx, a birnin New York, da waɗancan da ake zagayawa cikin mota, ni ba na ko jinkiri. Ki sayi tikitin gidan zoo, ki jibga wa yaran kayan sanyi, ku tafi.

Bara muka je, ni da maigidan da yara uku. Autana, ɗan shekara huɗu, tun daga ƙofa yake ƙunƙuni wai hular ta matse masa kunne. Muna shan kwana sai ga raƙumin dawa na fitila, wuyansa ya tasam ma rassan bishiya, yana haske ruwan ɗorawa cikin duhu. Yaron ya yi tsit, ya saki hannuna, ya matsa a hankali kamar mai tsoron kada ya firgita shi, can ya juyo ya ce min cikin raɗa, "Mama, me yake ci?" Wallahi har yau in muka tuna sai mun yi dariya. Yayarsa kuma ta duƙa ta leƙa ta ƙasan wata giwa, ta gano sirrin: ƙarfe ne da waya aka lanƙwasa, aka lulluɓe da yadi mai launi, aka jera ƙananan kwayayen LED a ciki. Salon fitilun ƙasar Sin ke nan, irin wanda mutanen birnin Zigong na lardin Sichuan suka yi suna a kai. A mota ba za ki taɓa ganin wannan ba, don kafin ki ce "kun ga?" an wuce.

Amma fa kada ki yi wa yaran alkawarin zaki. Nan ne mutane da yawa ke shan kunya. Da dare ake abin, yawancin dabbobin gaske an riga an shigar da su ɗakunansu, abin da za ku gani dabbobin haske ne. Ki faɗa musu tun daga gida, in ba haka ba kuka za ki yi ta lallashi a tsakiyar sanyi.

Wurin kuma ba ƙarami ba ne. Tun 1899 aka buɗe shi, filinsa eka 265, kuma ko ɓangaren da aka ƙawata kaɗai ya isa ya gajiyar da ƙafa. Ki ɗauki keken tura yaro ko da kina ganin ya girme shi, don wajen dawowa shi za ki gode wa. Safar hannu, safar ƙafa biyu-biyu, takalmi mai kauri. Sanyin Disamba a New York in rana ta faɗi yakan sauka kusa da sifili, kuma ta yatsu yake fara kama yaro.

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu ake yi, ba kowane dare ba, kuma tikitin da rana da lokacin shiga yake zuwa. Ni shawarata ki ɗauki lokacin farkon dare. A Disamba wajen ƙarfe 4:30 rana ta faɗi, to sai ku yi Magariba ku shiga, ku fito kafin barci ya fara ɗibar ƙananan. Ki kauce wa daren Asabar da kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin makarantu na hutu, cunkoso sai ki riƙa ganin ƙeyar mutane maimakon fitila. Jirgin ƙasa mai lamba 2 yana sauke mutum kusa, ya fi miki biyan kuɗin ajiye mota.

Na motar kuwa, to, ba laifi. Kuɗin mota ɗaya ake biya ko ku nawa ne, ga ɗumi, in akwai jariri sabon haihuwa ko tsohuwa mai ciwon gwiwa ya yi. Mu dai da muka gwada wani bara waccan, sama da awa ɗaya muka yi a layi don kallon da bai fi minti ashirin ba, biyu na faɗa kan taga, na ukun ya yi barci a kujerarsa. Ban sake ba.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: ki yi hattara da masu tallar tikiti a Facebook da WhatsApp, masu cewa wai sun saya uzuri ya taso za su karyar miki. Hoton lambar shiga guda ɗaya suke tura wa mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa ya shige, sauran na'ura ta ƙi su. Kuma kuɗin da kika tura ta manhajar tura kuɗi irin Zelle ko Cash App da wuya ya dawo. A shafin gidan zoo ɗin kansa za ki saya, ki duba adireshin da kyau, don akwai shafukan bogi masu kama da shi. Haka masu tsayawa a bakin hanya da sandunan nan masu walƙiya, yaro ya gani ya rikice, ki biya, kafin ku isa gida batirin ya mutu.

Abu na ƙarshe, koko mai zafi, wato cakulan na sha, da ake sayarwa a ciki yakan zo da alewar nan fara mai laushi, mashmelo. Yawancinta a Amurka da jelatin na alade ake yi, ki ce a ba ki kokon zalla. Ni nawa nake dafawa in zuba a filas, mu sha a hanya kafin mu shiga.